Akwatin da Ke Koya wa Soja Yaƙi: Ina Amfaninsa In Ana Ɓoye Kuskure?

Hausawa kan ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Magana ce ta hikima ga mai tafiya a doron ƙasa, amma matuƙin jirgin saman da ya bi abin da kunnensa ke gaya masa a cikin gajimare, ko a cikin hazon hunturu, to kwanansa ya kusa ƙarewa. A shekarar 1954 masu bincike a Jami'ar Ilinoi ta Amurka sun ɗauki matuƙa 20 waɗanda suka iya tuƙi da ido kawai, wato suna dogara da ganin ƙasa da inda ta haɗu da sama. Aka tashi da kowannensu tare da malami a gefe, sannan aka tare masa ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma 19 daga cikinsu sun shiga wani irin juyi ne da ke kai jirgi ƙasa da ka. Da aka raba lokacin da suka yi kafin abin ya lalace, sai ya kama daƙiƙa 178 ga kowane mutum. Ko minti uku bai cika ba.

Dalilin yana can cikin kunne, bayan dodon kunne, a wani ɗan ɗaki na ƙashi. A nan akwai wasu bututu uku lanƙwasassu kamar lauje, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren, kuma cike suke da ruwa. A gindin kowane bututu akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi. Idan mutum ya juya kansa, ƙashin ya juya amma ruwan ya ɗan yi jinkiri, kamar yadda ruwan cikin ƙwarya kan tsaya na ɗan lokaci in an murza ƙwaryar. Jinkirin nan shi ke tanƙwara gashin, gashin ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa ana juyi. To amma in juyin ya ɗore kamar daƙiƙa 20, ruwan zai kamo bututun, gashin ya miƙe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an tsaya alhali ana kan juyawa. In kuwa aka tsaya da gaske, ruwan ya ci gaba da gudu, sai mutum ya ji kamar yana juyawa ta ɗaya hannun. Duk yaron da ya taɓa yin wasan hajijiya har ya faɗi ya san wannan da jikinsa. Malamin kimiyya ma na iya nuna wa ɗalibansa abin a aji da kujera mai juyawa da ɗan ƙyallen rufe ido: a juya ɗalibi sannu-sannu ba tare da tsayawa ba, a ce ya nuna da yatsa inda yake jin yana nufa. Ba za a daɗe ba aji zai ɓarke da dariya.

Irin wannan kujera ce ta buɗe idon wani hafsan sojan saman Amurka, William Ocker, a 1926. Ya daɗe yana tuƙi, ya kuma yarda da jikinsa, amma da likita ya rufe masa ido ya juya shi, sai ya kasa faɗin inda yake nufa. Daga ranar ya shiga yi wa 'yan'uwansa nasiha cewa su bi alluran agogunan da ke gabansu, su ƙyale abin da jiki ke faɗi. Ba su karɓa da sauƙi ba, domin gaya wa gwani cewa jikinsa na yi masa ƙarya tamkar zagi ne.

Akwatin Link

A daidai wannan zamani wani saurayi mai suna Edwin Link yana aiki a masana'antar mahaifinsa a garin Binghamton na jihar Niyok, inda ake ƙera fiyano da wani abin kiɗa mai amfani da iska. Yana son tuƙin jirgi amma kuɗin koyo ya yi masa yawa. Sai ya ɗebi zuga-zugi da famfunan iska na kayan kiɗan, ya haɗa wani akwati mai kujera da sandar tuƙi da agoguna, wanda ke karkata dama da hagu, ya duƙa, ya ɗaga, gwargwadon yadda aka motsa sandar. Ya gama shi a 1929. Sojoji ba su kula shi ba. Masu wuraren wasan yara ne suka fara saye.

Abin da ya sauya ra'ayinsu gawa ce. A watan Fabrairu na 1934 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ta ɗora aikin a kan sojan sama. Matuƙan ba su saba da tafiyar dare ko ta mugun yanayi ba, kuma a cikin kwana 78 aƙalla mutum 12 suka mutu. A shekarar nan rundunar ta sayi akwatin Link guda shida, kowanne kusan dala 3,500. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000, an kuma horar da matuƙa sama da 500,000 a cikinsu.

Abin lura shi ne, akwatin nan bai yi kama da jirgin gaske sosai ba. Ba shi da hoton ƙasa, ba shi da gajimare, motsinsa ma na katako da iska ne. Murfi ake rufe wa ɗalibi ya zauna cikin duhu da agogunansa, malami yana teburi a gefe yana yi masa magana ta waya, wata 'yar na'ura kuma tana rarrafe a kan taswira tana zana hanyar da ya bi da tawada. Abu guda akwatin ya koyar, shi ne a yarda da allura a ƙi yarda da kunne. Ya yi nasara ne saboda waɗanda suka yi amfani da shi sun san ainihin abin da ke kashe matuƙa, suka horar a kan wannan abin. Layin tawadar nan kuma shaida ce da ba a gardama da ita; in an buɗe murfi, malami da ɗalibi za su duƙa a kanta su ga inda aka kauce.

Na'urorin kwaikwayo na yau sun yi wa akwatin Link nisa. Ɗakin matuƙi sukutum ake ɗorawa a kan ƙafafu shida masu miƙewa da janyewa, a kewaye shi da hoton da kwamfuta ke zanawa. Wayon da suke yi wa jiki ma daga kunne aka samo shi. Kusa da bututun nan uku akwai wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi irin na alli, waɗanda ke zaune a kan gashi. Su ke gaya wa mutum ina ne ƙasa. Sai dai ba sa iya bambanta karkatar jiki baya da fizgar mota in ta tashi, domin duka biyun baya suke tura tsakuwoyin. Saboda haka in ana so matuƙi ya ji jirginsa na ƙara gudu a kan titin tashi, sai a ɗaga gaban ɗakin a hankali, a bar hoton da yake gani a miƙe. Ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana gudu, alhali ɗakin bai bar inda yake ba.

Amma kama da Wane ba Wane ba ce, kuma jiki yakan gane. Tun a 1957 aka fara rubuta rahoton matuƙa jirage masu saukar ungulu da ke fitowa daga na'urar koyo da jiri da tashin zuciya. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne saɓani tsakanin ido da kunne: ido ya ga motsi, kunne bai ji ba, ko kuma hoton ya makara da ɗan ƙanƙanin lokaci bayan an juya kai. Wani masani, Michel Treisman, ya kawo shawara a 1977 cewa ƙwaƙwalwa na ɗaukar wannan saɓani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa take neman a amayar. An kuma sha lura cewa ƙwararrun matuƙa sun fi sababbi shan wannan wahala, watakila don jikinsu ya san yadda jirgin gaske ke yi. Matsalar ba ta kau ba. A 2021 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Microsoft, wadda ƙimarta ke iya kaiwa kusan dala biliyan 22, don samar da wani tabarau mai nuna wa soja hotunan kwamfuta a kan abin da idonsa ke gani, domin horo da kuma fagen daga. A gwajin 2022 sojoji da yawa sun koka da ciwon kai da gajiyar ido da tashin zuciya. Kuɗi ba ya sauya yadda aka halicci kunne.

Abin da aka zuba shi ake kwasa

Ciwon kai ƙaramar illa ce in an kwatanta da wata. Koyo a jikin ɗan Adam yana faruwa ne ta maimaici: duk hanyar saƙon da aka yawaita bi a cikin ƙwaƙwalwa, mahaɗar jijiyoyinta kan ƙara ƙarfi, har aiki ya koma yin kansa ba sai an yi tunani ba. Wannan ita ce fa'idar horo, domin idan tsoro ya zo, zuciya ta hau bugu, hankali ya tattara a wuri ɗaya, abin da mutum ya saba shi hannunsa zai yi. To amma jijiya ba ta tantance darasi mai kyau da marar kyau. Yadda take riƙe daidai haka take riƙe kuskure.

Ran 3 ga Yuli 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes, yana cikin musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan Iran a Tekun Fasha, ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya taso daga Bandar Abbas zuwa Dubai. Mutum 290 suka halaka, 66 daga cikinsu yara. Na'urorin jirgin yaƙin sun rubuta cewa jirgin saman yana ƙara hawa ne, amma mutanen da ke gaban na'urorin sun shaida wa kyaftin cewa yana saukowa kamar mai shirin kai hari. Rahoton binciken sojan ruwan Amurka ya danganta wannan da halin da mutum kan shiga cikin matsi, inda yake ganin abin da ya riga ya sa rai zai gani, ya kuma tanƙwara shaidar da ke gabansa ta dace da shi. Iran ba ta taɓa amincewa da cewa kuskure ne kawai ba, kuma akwai tambayoyi game da shugabancin jirgin da wannan bayani bai amsa ba. Duk da haka darasin ga masu tsara horo a fili yake. Idan a duk atisayen da soja ya yi, kowane ɗigo da ya bayyana a kan allo abokin gaba ne, kuma ana yaba masa ne kawai a kan saurin harbi, to an koya masa abin da zai gani tun kafin ya duba.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci game da kowace na'urar kwaikwayo ita ce wa ya rubuta labarin da ke cikinta, kuma daga ina ya samo shi. Wani hafsan sojan saman Amurka, Jack Thorpe, ya gane wannan. Shirin da ya jagoranta daga 1983, mai suna SIMNET, ya haɗa na'urorin kwaikwayon tankokin yaƙi da jirage fiye da 200 ta hanyar sadarwar kwamfuta, a sansanonin Amurka da Jamus, ta yadda runduna guda za ta shiga fili ɗaya ta yi yaƙi da wata. Hotunan ba su da kyau, kamar zanen yara suke, kuma da gangan aka bar duk wani maɓalli da darasin bai buƙata. Abin da ake son koyarwa shi ne yadda mutane da yawa za su yi magana da juna su yi aiki tare, kuma wannan ba ya buƙatar a zana ganyen bishiya. Daga shirin ne aka samo ƙa'idar da aka amince da ita a 1993, wadda ta ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar fahimtar juna. Wannan ci gaba ne da ba ya ɗaukar ido, amma ya fi kyan hoto amfani.

Bayan yaƙin Tekun Fasha an gwada wani abu kuma. Ran 26 ga Fabrairu 1991, cikin guguwar yashi a kudancin Iraƙi, wata ƙaramar rundunar tankokin Amurka ƙarƙashin Kyaftin H. R. McMaster ta yi kiciɓis da dakarun Iraƙi, ta lalata tankoki 28 a cikin minti 23 ba ta rasa ko ɗaya ba. Masu bincike suka koma filin, suka bi sawun tankoki a kan yashi, suka auna inda kowace ƙonanniyar mota take, suka saurari kaset ɗin maganganun rediyo, suka yi hira da sojojin, sannan suka sake gina faɗan a cikin kwamfuta don a riƙa koyo da shi. Aiki ne na ƙwarai. Sai dai duk wanda ya san yadda ake ɗibar samfuri a binciken halittu zai ga giɓinsa: waɗanda suka yi nasara ne suka fi ba da labari, waɗanda suka ƙone a cikin tankokin ba su ba da nasu ba. Kuma sojoji, kamar sauran mutane, sun fi son adana ranar da suka yi galaba a kan ranar da suka sha kashi, alhali ranar shan kashin ta fi cika da ilimi.

Maganin da sojan ƙasa na Amurka ya samo wa wannan hali bai ci ko kwabo ba. A filin horonsu na Fort Irwin a hamadar Kalifoniya, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1980, ana ɗaura wa bindigogi fitilar lesa a maimakon harsashi, a sa wa kowane soja da kowace mota abin da zai yi ƙara in hasken ya same shi. Akwai runduna ta musamman da ke zaune a wurin tana taka rawar abokan gaba, kuma ta saba lallasa baƙin da suka zo. In an tashi daga faɗa sai a zauna, kurtu da hafsa, a amsa tambayoyi huɗu: me aka yi niyyar yi, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za a gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gidan soja, inda na ƙasa ba ya ɗaga ido ya dubi na sama, barin kofur ya ce umarnin da aka ba shi ne bai fito sarai ba ya fi ƙera kowace na'ura wuya.

Jiragen da aka tsamo daga teku

Inda aka rasa wannan ƙarfin hali, kwaikwayo kan zama wasan yara. A watan Mayu na 1942 manyan hafsoshin ruwan Japan sun gwada shirinsu na kai hari tsibirin Midway a kan teburi da taswira, ana jefa ƙwaya irin ta lido don yanke abin da sa'a za ta kawo. Kamar yadda ɗaya daga cikin hafsoshinsu, Mitsuo Fuchida, ya ba da labari daga baya, ƙwayar ta nuna bama-bamai tara sun sami jiragensu masu dakon jiragen sama, biyu sun nutse, wato Akagi da Kaga. Shugaban zaman, Admiral Ugaki, ya mayar da taran uku, ya ce Kaga kaɗai ya nutse. Da aka zo mataki na gaba ma sai ga Kaga ya dawo cikin lissafi. Bayan wata guda aka yi faɗan gaske, Japan ta rasa irin waɗannan jirage huɗu, har da Akagi da Kaga.

Shekara 60 bayan haka, a 2002, Amurka ta shirya wani gagarumin atisaye da ya haɗa kwamfuta da sojojin gaske kimanin 13,500, aka kashe masa wajen dala miliyan 250. Aka ba wani janar mai ritaya, Paul Van Riper, jagorancin abokan gaba. Da ya san ana sauraron rediyonsa, sai ya riƙa aika saƙo ta 'yan babur da hasken fitila, kuma tun a kwanakin farko ya afka wa jiragen ruwan Amurka da ruwan makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale. Kwamfuta ta ce jirage 16 sun nutse, abin da a zahiri zai kai asarar rayuka fiye da 20,000. Masu shirin suka tsayar da wasa, suka dawo da jiragen, suka kuma gindaya masa sharuɗɗan abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Ya ajiye jagorancin cikin fushi.

Masu shirin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce dubban sojoji na jiran nasu kason na atisayen, ba za a sallame su a rana ta biyu ba. Sun kuma ce wasu abubuwan da kwamfutar ta yarda da su ba za su yiwu a teku ba. Tsamo jirage don a ci gaba da darasi ba laifi ba ne, malami ma yakan share allo ya sake lissafi. Laifin yana wajen ɗaure hannun abokin karawa don kada a sake jin kunya, sannan a fito a ce dabarun da aka gwada sun ci jarrabawa. Ɗalibin kimiyya ya san sunan wannan: gwajin da aka riga aka rubuta sakamakonsa ba gwaji ba ne.

Akwai kuma inda aka yi abin yadda ya kamata, kuma a fannin jikin ɗan Adam ne. Baligi na da jini kimanin lita biyar, kuma in babbar jijiyar cinya ta yanke yana iya zubar da abin da zai kashe shi a cikin 'yan mintoci. Duk da haka an shafe shekaru ana koya wa sojoji cewa ɗaure hannu ko ƙafa tamau don tsayar da jini mataki ne na ƙarshe, wai don kada gaɓar ta mutu. Bayan faɗan Mogadishu na 1993, wasu likitocin sojan Amurka suka koma kan bayanan waɗanda suka mutu, suka fito da sababbin ƙa'idoji a 1996 da suka sa maɗaurin a gaba. Wata runduna da ake kira Ranger ta karɓi abin hannu biyu: ta horar da kowane sojanta, ba ma'aikatan jinya kaɗai ba, a kan mutum-mutumi da kan junansu, cikin duhu da hayaniya, kuma ta riƙa cika kati a kan duk wanda ya ji rauni, tana gyara horon da abin da katunan suka nuna. Daga 2001 zuwa 2010 mutanenta 419 suka ji rauni a Afganistan da Iraƙi, 32 suka mutu, kuma bincike ya nuna babu ko ɗaya a cikinsu da ƙarin taimakon farko zai cece shi. A sauran rundunonin kuwa, wani binciken da ya duba mutuwar sojoji 4,596 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka mutu kafin a kai su asibiti suna da raunin da ake iya tsira daga gare shi, kuma tara cikin goma na waɗannan zubar jini ce ta kashe su. Mutum-mutumin roba iri ɗaya ne a ko'ina. Katin da ake cikawa da kuma karanta shi ne suka bambanta. Daga 2015 ilimin ya fito daga bariki, ana koya wa farar hula a Amurka yadda za su tsayar da jinin wanda ya yi hatsari. (A nan akwai gargaɗi: wannan ɗauri na jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa ne. Ba a yin sa don saran maciji, inda yake ƙara ɓarna.)

Mai karatu a Nijeriya ba ya buƙatar zuwa Tekun Fasha kafin ya ga abin da ke cikin wannan magana. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Da hedikwatar tsaro ta bayyana sakamakon bincikenta, ta ce wurin ba ya cikin taswirar aiki a matsayin sansanin agaji. Wato wasu sun san akwai sansani a Rann, amma sanin bai isa ga wanda yatsansa ke kan maɓalli ba. Ran 3 ga Disamba 2023 kuma jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar ta ce an ɗauke su 'yan bindiga ne.

Mai sarrafa jirgi marar matuƙi yana zaune ne a gaban allo, a wurin horo da wurin aiki duka, don haka babu sojan da kwaikwayo ya fi dacewa da shi. Amma na'urar da aka sayo daga waje tana zuwa ne da ƙauyukan wata ƙasa da al'adun wasu mutane. Ba ta san yadda taron Mauludi ke kasancewa da dare in an dube shi daga sama ba, ko ayarin 'yan kai amarya a kan babura, ko masu dawowa daga kasuwar ƙauye, ko makiyaya da ke sauya mashaya da rani. Waɗannan ne ya kamata su cika darussan, kuma a riƙa ba da maki ga wanda ya duba ya janye hannunsa kamar yadda ake ba wanda ya harba daidai. Waɗanda za su iya rubuta irin wannan darasi suna nan kusa: malaman labarin ƙasa, likitocin dabbobi da suka san burtali, masu unguwanni, ma'aikatan agaji, da matasan da suka karanta kwamfuta a jami'o'i.

Za a ce sha'anin soja sirri ne, kuma gaskiya ne akwai abin da ba a bazawa: inda runduna take, da ranar da za ta motsa, da iyakar abin da makaminta ke iya yi. Sai dai yadda aka yi har aka ɗauki mai waƙar bege a matsayin ɗan bindiga ba ya cikin wannan jeri. Fannin jiragen fasinja ya daɗe da raba waɗannan biyun, inda ake wallafa rahoton hatsari dalla-dalla don matuƙan duniya su karanta, a kuma mayar da hatsarin darasi a cikin na'urar koyo. Rann da Tudun Biri sun cancanci irin aikin da aka yi wa faɗan tankokin 1991: a koma wurin, a auna, a saurari maganganun rediyo, a tambayi wanda ya ga hoton da wanda ya ba da umarni, a wannan karon kuma a zauna da waɗanda suka tsira a ƙasa a ji nasu. Sannan a gina daren a cikin kwamfuta minti bayan minti, a sa kowane sabon mai sarrafa jirgi ya zauna a gabansa kafin a ba shi na gaske.